Kwalba a Bisa Dutsen Kamaru

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kasuwar Sandaga a birnin Duwala ya san irin hada-hadar da ake yi a wurin tun gari bai gama wayewa ba. Manyan motoci suna sauke buhunan albasa daga arewa, da kwandunan tumatir da sauran kayan lambu daga ƙasashen tudu. 'Yan dako suna kai da kawowa, dillalai suna ciniki da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Ba mai zarafin ɗaga kai. Amma idan an kwana ana ruwa har sararin sama ya wanke, mutum ya matsa bakin kogin Wuri ya dubi yamma, zai hangi wani abu baƙi ƙirin ya tokare sama. Baƙo yakan zaci hadari ne ya haɗo. Sai ya daɗe yana kallo ya ga abin ba ya motsi, sa'an nan a gaya masa Dutsen Kamaru ke nan.

Hausawan New Bell sun fi shekara ɗari suna hangen wannan dutse daga nesa. A cikin waɗannan shekaru, da kuma kafinsu, mutane iri iri sun hau shi, kusan kowannensu kuwa ya bar wani abu a can bisa domin shaida. Wani ya bar takarda, wani kwalba, wani tuta. A zamaninmu ma an mai da ɓoye ƙaramin akwati a kan duwatsu wasan da ake yi a duniya duka. Bari mu bi tarihin abubuwan nan da aka bari, mu ga sunan wa aka rubuta a ciki, sunan wa kuma aka manta.

Dutsen da masu shi

Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000 daga bakin teku. Littattafai sun sha bamban a kan ainihin tsawonsa, waɗansu suna cewa mita 4,040, waɗansu 4,095. Ko wanne aka ɗauka, babu dutsen da ya kai shi a duk yammacin Afirka. Abin mamakinsa shi ne, daga bakin teku ya tashi kai tsaye. Mai hawa yakan fara da kurmi mai duhu da laima, ya fito fili mai doguwar ciyawa, daga nan ya shiga baƙar tsakuwa da toka inda ba itace ko ɗaya, sai iska da sanyi mai ratsa ƙashi. A gindinsa ta wajen teku akwai wani wuri mai suna Debundscha, inda ruwan sama yakan kai milimita 10,000 a shekara, wato fiye da ninki goma na abin da Kano take samu.

Dutse ne mai aman wuta, bai kuwa mutu ba. Ya yi amai a shekara ta 1909, da 1922, da 1954, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000. A aman 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota ta bakin teku kusa da ƙauyen Bakingili.

Sunan Kamaru ba daga dutsen ya fito ba. Wajen shekara ta 1472 matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, suka ga jatan lande da yawa, suka kira shi Kogin Jatan Lande da harshensu. Daga wannan kalma aka sami sunan ƙasar, dutsen kuma ya gāje shi. Mutanen da suke zaune a jikinsa, wato Bakweri, suna da nasu sunan. Suna ce masa Mongo ma Ndemi, ma'ana dutsen girma, ƙololuwarsa kuwa Fako. Tun kaka da kakanni maharbansu suna hawa neman nama da zuma. Sun san turbobin kurmi, sun san kogwannin kwana, sun kuma san inda ruwa yake, wanda shi ne babban sirrin dutsen, gama ko da yake ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasar sama tana shanye shi nan da nan.

A al'adar Bakweri dutsen yana da mai tsaronsa, Efasa Moto, wanda suke cewa rabinsa mutum ne rabinsa dutse. Suna kuma ba da labarin wata doka tasa. Wai akwai rake a bisa dutsen, matafiyi yana iya sha iyakar cikinsa, amma kada ya kuskura ya sauko da ko gaɓa ɗaya. Bahaushe ba zai yi mamakin irin wannan labari ba. Tarihin Kano ya gaya mana yadda Barbushe yake zaune a bisa Dala, yana saukowa ya faɗa wa jama'a abin da zai auku a shekara. A wurin mutanen dā dutse yana da mai shi, ba a hawansa kara zube. Mai karatu ya riƙe dokar raken nan, za mu sake komawa kanta.

Baƙi na farko

Baƙo na farko da aka rubuta labarin hawansa baƙar fata ne daga Jamaika, ɗan mishan na Baptis mai suna Joseph Merrick. Ya zauna a Bimbia a bakin teku, ya koyi harshen Isubu, ya kafa injin ɗab'i yana buga littattafai da shi. A shekara ta 1847 ya gwada hawan dutsen. Ya ƙetare kurmi har ya fito fili, amma ruwan sha ya ƙare, ƙishirwa da sanyi suka tilasta masa juyowa tare da mutanensa. Bai sake samun dama ba, gama ya rasu a shekara ta 1849 a cikin jirgin ruwa.

Abokin aikinsa Alfred Saker, Baturen Ingila, shi ne wanda ya zauna a Duwala tun 1845, ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Duwala, ya gama a 1872. A shekara ta 1858, da Sifaniyawa suka hana mishan aiki a tsibirin Fernando Po, Saker ya ƙetaro da jama'arsa ya kafa gari a gindin dutsen ya sa masa suna Victoria. Shi ne garin da ake kira Limbe tun 1982. Daga wannan gari ne ayarin da ya fara kai wa ƙololuwa ya tashi.

Takardar barkwanci da sisi a kwalba

A watan Disamba na shekara ta 1861 Turawa huɗu suka haɗu domin hawan dutsen. Akwai Richard Burton, ƙaramin jakadan Ingila a Fernando Po, wanda ya riga ya yi suna saboda tafiyarsa zuwa Makka a ɓoye da kuma neman mafarin kogin Nil. Akwai Gustav Mann, Bajamushe masanin tsire-tsire da yake tara wa lambun Kew na Landan ganyaye. Akwai wani alƙali ɗan Sifen mai suna Calvo, sai kuma Saker kansa. Tare da su akwai Selim Aga, mai hidimar Burton, mutumin ƙasar Sudan wanda aka sayar da shi bawa tun yana yaro, ya sami 'yanci ya yi karatu a Sikotilan. Masu ɗaukar kaya kuwa yawancinsu Kurumawa ne, mutanen bakin tekun Laberiya da suke aiki a jiragen Turawa.

Ayarin ya bi ta ƙauyen Mapanja, ya kafa zango kusa da wani idon ruwa a bakin kurmi. Har wa yau taswira tana kiran wurin da sunan Mann, ko da yake maharban Bakweri sun daɗe suna shan ruwansa kafin a haifi Mann. Daga can Burton ya yi gaba a ƙarshen Disamba, gama ba ya so wani ya riga shi. Ya hau ɗaya daga cikin manyan kawunan dutsen, ya tara duwatsu ya yi tsibi, ya cusa guntun shafi na wata jaridar barkwanci ta Landan mai suna Punch a ciki, domin wanda ya zo daga baya ya san an riga shi. Ya sauko da ƙafafu duk sun salluɓe saboda takalman da ya sa, har ya yi makonni ba ya iya tafiya. Manyan kawunan biyu ya raɗa musu suna Victoria da Albert, wato Sarauniyar Ingila da mijinta, bai sani ba Albert ya riga ya mutu tun ran 14 ga watan.

Da ƙafarsa ta warke, a ƙarshen Janairu na 1862, suka sake hawa. Wannan karo suka kafa tutar Ingila, suka zana sunayensu a jikin fallen darma, suka bar shi a can tare da 'yan sisi a cikin kwalbar da suka shanye.

Ba Burton ne ya ƙago wannan ɗabi'a ba. Shekara bakwai kafin haka, a 1854, wani ja-gaban matafiya mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a cikin tsibin duwatsu a wani lungu mai wuyar zuwa a dajin Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya isa wurin ya saka katin sunansa. Masu hawan duwatsu na Turai ma haka suke yi a lokacin. Amma mai karatu ya lura da bambanci. Kwalbar Perrott gayyata ce ga kowane matafiyi. Kwalbar Dutsen Kamaru kuwa tana tare da tuta, Burton kuma bai ɓoye nufinsa ba. A littafin da ya buga a 1863 ya ba gwamnatinsa shawara ta mai da dutsen wurin hutawar Turawa marasa lafiya da wurin zaman fursunoni. Sunayen Kurumawan da suka ɗauki ruwa da abinci a ka, ba su da rigunan sanyi na kirki, ba su shiga tarihin hawan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Katin Mary Kingsley

A watan Satumba na 1895, tsakiyar damina, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Kingsley ta iso Victoria bayan doguwar tafiya a ƙasar Gabon. Ta ɗauki 'yan alaro ta bi ta Buea, ta hau dutsen ta fuskar kudu maso gabas. Ruwa bai ɗauke musu ba. A wani zango aka tarar ba a zo da ruwan sha ba, sai da ta aika Buea aka kawo. Da suka kusa ƙololuwa sanyi da iska suka fi ƙarfin mutanen da suka rage tare da ita, ta bar su a lulluɓe ta ƙarasa ita kaɗai. Ta isa bisa a cikin guguwa da hazo, ba ta ga kome ba sai tsibin duwatsu da kwalaben da Jamusawa suka bari. Ta ɗauki 'yan samfurin duwatsu, ta saka katin sunanta a cikin tsibin, ta juyo. Ita ce Baturiya ta farko da ta kai can.

A littafinta na 1897 ta yi wa kanta dariya a kan katin, gama ta san ruwa zai jiƙa shi ya narke kafin wani ya gani. Ta kuma ambaci mutanenta da sunayen da take kiransu da su, da halin kowa, ko da yake cikin zolaya. Wannan ya ɗara abin da yawancin matafiya na zamaninta suka yi. Amma kwalaben da ta tarar suna ba da wani labari dabam, wato cewa dutsen ya riga ya sāke hannu.

Daga Buea zuwa New Bell

A watan Yuli na 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Ba a daɗe ba Jamusawa suka gane ƙasar gindin dutsen tana da albarka ƙwarai saboda tokar aman wuta. Bakwerin Buea, a ƙarƙashin shugabansu Kuva Likenye, suka ƙi ba da kai. A watan Nuwamba na 1891 suka kashe hafsan Jamus Gravenreuth, suka kori rundunarsa. A ƙarshen 1894 Jamusawa suka dawo da shiri mai ƙarfi suka ci garin. Aka ƙwace gonakin Bakweri aka mai da su manyan gandayen koko, daga baya na roba da ayaba da kwakwar manja, su kuwa aka matsa su cikin 'yan ƙananan yankuna. A 1901 gwamna Puttkamer ya mai da hedkwatar mulki Buea saboda sanyin wurin. Da dutsen ya yi amai a 1909, ƙasa tana girgiza, ma'aikatan gwamnati suka tattara suka gudo Duwala na ɗan lokaci.

A cikin shekarun nan ne fataken Hausawa suka iso bakin teku. Sun daɗe suna bin hanyar Adamawa, ta Banyo da Tibati da Ngaundare, suna cinikin goro da hauren giwa da tufafi, suna matsowa kudu zango bayan zango. Unguwar da ta zama tasu a Duwala ita ma daga ƙwacen ƙasa ta samo asali. Tun daga 1910 Jamusawa suka shirya tayar da mutanen Duwala daga bakin kogi su mai da su baya, da filin kilomita ɗaya tsakaninsu da unguwar Turawa. Ɗaya daga cikin sababbin matsugunan shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka a kan wannan zalunci, aka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914 tare da sakatarensa Ngoso Din. Mutanen Duwala da yawa ba su yarda sun zauna a New Bell ba, sai unguwar ta cika da baƙi, Hausawa da Basa da Bamileke da sauransu.

Ba a yi wata biyu da rataye sarkin ba, rundunar Ingila da Faransa ta kama Duwala ran 27 ga Satumba, a watan Nuwamba kuma ta hau Buea. A cikin sojojin da aka kawo daga Nijeriya akwai masu jin Hausa da yawa. Ashe tun 1914 Hausa ta yi amo a jikin Dutsen Kamaru, a bakin mutanen da su ma ba wanda ya sa sunansu a kwalba.

Ranar da 'yan ƙasa suka rubuta sunansu

A shekara ta 1973 aka fara tseren hawan dutsen, kamfanin Guinness yana ɗaukar nauyi. Daga 1996 aka sāke masa suna zuwa Tseren Bege. Ana tashi daga filin wasa na Molyko a Buea, a bi ta bukkoki uku na hutawa har ƙololuwa, a juyo, tafiyar kilomita 38 ko kusa da haka. Abin da ya ci wa Burton makonni, gwanayen maza suna gama shi cikin sa'a huɗu da rabi ko kusa. Mai yawon buɗe ido kuwa yakan yi kwana biyu ko uku.

A wannan tsere ne sunayen 'yan ƙasa suka fara shiga littafi. Wadda ta fi kowa suna ita ce Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, wadda ta zo ta ɗaya a rukunin mata sau bakwai tsakanin 1996 da 2005, har ake ce mata Sarauniyar Dutse. A 2009 gwamnati ta mai da babban ɓangaren dutsen gandun daji na ƙasa. Ba a hawa sai da ja-gaba, da yawa daga cikin ja-gaban kuwa tsofaffin maharba ne ko 'ya'yansu. Sanin da kakanninsu suka ba Turawa ba tare da an ambace su ba, shi ne yau ya zama sana'a mai lada. Rikicin yankunan masu jin Ingilishi da ya ɓarke tun 2016 ya rage baƙi ƙwarai, har a watan Fabrairu na 2023 bama-bamai suka tashi ana cikin tseren, mutane suka ji rauni. Duk da haka ba a daina tseren ba.

Bokiti a dajin Amurka

A watan Mayu na shekara ta 2000, watan da Dutsen Kamaru ya yi amai, wani abu ya faru a Amurka wanda ya ba tsohuwar ɗabi'ar kwalba sabon rai. Sojojin Amurka suna da taurarin ɗan adam guda 24 ko fiye, suna zagaya duniya daga nisan kilomita 20,000, ana kiran tsarin GPS. Na'urar da ta kama saƙon huɗu daga cikinsu tana iya lissafa inda take a bayan ƙasa. Amma da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula suke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. Ran 2 ga Mayu, bisa ga umarnin Shugaba Bill Clinton, aka daina gurɓatawar, kuskuren ya ragu zuwa 'yan mitoci.

Kashegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada abin. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai da faifan bidiyo da 'yan kuɗi da gwangwanin wake da danƙon harbin tsuntsu, ya haɗa da littafin rubutu da fensir. Ya ɓoye shi a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Dokarsa mai sauƙi ce: wanda ya gano bokitin ya ɗauki wani abu, ya ajiye wani abu, ya rubuta sunansa. Cikin kwana kaɗan aka gano shi, waɗansu kuma suka fara ɓoye nasu. Kafin watan ya ƙare aka raɗa wa wasan suna jiyokashin, wato ɓoye ajiya a bayan ƙasa. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe dandalin da ake jera ajiyoyin, a 2017 kuwa adadinsu ya kai miliyan uku.

Masu hawan duwatsu sun rungumi wasan nan da nan, gama ya dace da abin da suka saba. Mutum yakan ɗauki ɗan akwatin roba wanda ruwa ba ya shiga, ya sa littafi da 'yan tarkace marasa tsada, ya saƙa shi a tsagar dutse kusa da ƙololuwa, ya rubuta lambobin wurin. Ana ba kowace ajiya maki daga ɗaya zuwa biyar bisa ga wuyar hanyarta. Akwai kuma ƙa'idodi. Ba a haƙa rami a binne akwati. Ba a sa abinci, domin kada namun daji su fasa shi. Wanda ya ɗauki abu ya mayar da wanda ya kai shi daraja ko ya fi. Wajibi ne kuma a nemi izinin mai ƙasar ko hukumar da take lura da wurin. A gandayen daji da yawa an hana ajiye akwati sam, saboda haka tun 2004 aka fito da wani nau'i wanda ba akwati a cikinsa, sai dai mutum ya je wurin ya dubi yanayin duwatsun ya amsa tambayoyi.

Ajiya da amana

Mai karatu zai iya cewa, wannan ai wasan masu ƙoshi ne, me ya haɗa shi da mai sayar da albasa a Sandaga? Abin da ya haɗa su shi ne amana. Akwatin nan yana zaune a kan dutse ba ƙulli ba mai gadi. Mutum ɗaya marar kirki ya isa ya kwashe shi, wasan ya mutu a wurin. Yana rayuwa ne kawai domin baƙi da ba su taɓa ganin juna ba suna mayar da abin da suka tarar yadda suka same shi.

Da irin wannan amana ce Hausawa suka kai kasuwancinsu daga Kano har Salaga, daga Adamawa har bakin Wuri. Falke yakan sauka a gidan fatoma a zango, ya bar masa kaya ko kuɗi ya wuce, ya yi wata da watanni, ya dawo ya tarar da ajiyarsa ba ta yi ciwon kai ba. Ba takarda, ba kotu. Mai gidan da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kowane zango, ba wanda zai ƙara sauka a wurinsa. Har yanzu manomin arewa yakan ɗora buhunansa a mota ya aika wa dillalin da yake nesa da shi da kwana biyu ko uku, ya zauna yana jiran kuɗinsa. Mutanen da suka rayu a kan wannan ba sa bukatar a koya musu dokar bokitin Ulmer.

Idan muka jera abubuwan da aka bari a bisa duwatsu, za mu ga sun kasu biyu. Akwai wanda aka bari domin a ce na riga kowa, wurin nan nawa ne. Irinsa ne fallen darma da tutar 1862, mun kuwa ga abin da ya biyo bayan tutoci a ƙasar Bakweri da bakin kogin Duwala. Akwai kuma wanda aka bari domin mai zuwa a baya, da fili a cikin littafin inda zai sa nasa sunan, ko shi wane ne. Wasan ɓoye ajiya yana cikin kashi na biyu muddin masu yinsa sun kiyaye ƙa'idar neman izini. Idan suka yi watsi da ita, suka hau dutsen mutane suka saƙa akwati ba sallama, sun koma sahun Burton ke nan, ko da na'urar da take hannunsu ta zamani ce. Dokar raken Efasa Moto ta riga dukan ƙa'idodin nan: ka amfana da dutsen, amma kada ka ɗauke shi tamkar kayanka.

Saboda haka, in wata rana wani saurayi daga unguwar Hausawa ta New Bell ya ga dutsen bayan ruwa zuciyarsa ta raya masa ya je, hanya a buɗe take. Zai ƙetare gadar Wuri zuwa Bonaberi, ya wuce Tiko da Mutengene, ya hau Buea, tafiyar kilomita 70 ko kusa. Sai ya fara tambayar lafiyar hanya, ya yi rajista a wurin masu kula da gandun, ya ɗauki ja-gaba, gama da ɗan gari akan ci gari. Ya tafi da rani, ya riƙe rigar sanyi da isasshen ruwa, ya tuna abin da ya mai da Merrick baya. Idan ya kai Fako ya so ya rubuta wani abu domin shaida, ya tambayi ja-gabansa da mai ɗaukar masa kaya cikakken sunansu, ya fara rubuta nasu kafin nasa.